Totuwar da Na Ce Akuya Ta Cinye

Yayana yana da wata tsohuwar a-kori-kura da ta girmi babban ɗansa. An ce da fara ce, amma a lokacin da nake ba da labari babu wanda zai rantse a kan haka. Ƙofar direba da igiya ake ɗaure ta. Kujerar kuwa an daɗe da shimfiɗa mata buhu da tsohuwar darduma, don kada ƙarfe ya gaisa da mutum.

Ba don ado Yaya yake riƙe da ita ba. Gwiwoyinsa sun daɗe da ƙin ba shi haɗin kai, ba ya iya ɗaga ƙafa ya hau babur, balle doguwar tafiyar ƙasa. Muna zaune kusa da Burumburum, gonarsa kuma tana can wajen Doguwa, bayan wani dogon hawa mai tsakuwa. Idan babu motar nan, shi da gonarsa sai dai a ba shi labari.

Wata damina motar ta fara fito. In an tashe ta sai ka ji wani siririn sauti kamar makiyayi yana kiran shanu, ƙarfinta kuma ya ragu. Ciwon a manifol yake. Manifol wani ƙarfe ne mai reshe huɗu, kamar hannu mai yatsu huɗu, shi ke karɓar iska da fetur daga kafireta ya raba wa ɗakuna huɗu na inji. Na Yaya ya tsage, yana shan iskar da ba a ba shi ba. Yaya ya liƙe da gam, ya liƙe da sabulu, har ƙaro ya narka ya shafa. Kowanne sai ya kwana biyu ya saki.

Ranar da motar ta mutu da shi a tsakiyar hawan nan, ya yini a gindin wata ɗorawa, waya ba ta kamawa, sai da yamma wasu masu kai masara suka tsince shi. Washegari babban ɗansa ya zo ya durƙusa a ƙofar gida. Ina wurin.

"Baba, don girman Allah ka haƙura da motar nan. Masu sayen ƙarfe sun yi mini magana. Hankalina ba ya kwanciya in ka fita."

"Su yanka ta ke nan," in ji Yaya.

"Baba, ai ta riga ta mutu."

"Kai ne ka yi mata wanka?"

Aka yi ta ja. Yaron ba mugunta ce ta kawo shi ba, tsoro ne, Yaya ma ya san haka. A ƙarshe Yaya ya ce a ba shi dama ɗaya. Za a gyara ta. In ta hau hawan nan da kanta, ba turi, ba ja, a ƙyale masa abarsa. In ta kasa, a zo a ɗauka, ba zai ce uffan ba. Yaya kuwa in ya faɗi magana, ko ta cuce shi ba ya janye ta.

Ya ce a kira makanikin bakin kasuwa. Nan na gyara zama.

Da ina saurayi na yi karen mota a wata babbar mota mai zuwa kudu. Aikina ɗaure kaya, sa waigi a taya, da miƙa wa direba sifana. Daga miƙa sifanar nan na ɗauki kaina makaniki, kuma shekaru suka wuce ba wanda ya ƙaryata ni, saboda ba wanda ya taɓa ba ni inji.

"Yaya, ina raye za a kira wani yaro ya taɓa maka mota? Manifol ne fa kawai. Noti ne ka kwance, noti ne ka ɗaure."

"Baffa, ka tabbata?" in ji ɗan Yaya.

Na yi masa kallon da ake yi wa yaron da ya tambayi liman ko ya iya alwala. Ya sunkuyar da kai.

Na san inda zan samo manifol. Muna da taubashi, ɗan gwaggonmu, a Ba'awa ta ƙasar Kiru. Ni ina ce masa bawana, shi ma yana ce mini bawansa, tun muna yawo ba wando har yau ba a raba gardamar ba. Yana da a-kori-kura irin ta Yaya sak, wadda ƙarfen ƙasanta ya karye tuntuni, aka ɗora ta a kan duwatsu a gindin darbejiya. Kaji suka gaje ta.

Na same shi yana gyaran akurki.

"A'a, bawana ne da sassafe? An kore ka ne?"

"Tashi ka gaida ubangidanka. Manifol na zo karɓa."

"Sai ka nemi izini wurin mai ɗakin."

Ya ɗaga murfin inji. Wata jar kaza ce kwance a lungun manifol ɗin, daidai tsakanin reshe biyu, ta tara ciyawa ta yi gida. Ta dube ni da ido ɗaya. Na miƙa hannu, ta sare ni a bayan hannu har sai da jini ya fito. Taubashi ya zauna a ƙasa don dariya.

Ya ce zai bayar saboda Yaya, amma musaya za a yi. In ba shi tsagaggen manifol ɗin ya mayar wa kazarsa, don ba za a rushe wa baiwar Allah ɗaki a bar ta a fili ba. Kuma zai bi ni ya ga aikin da idonsa, domin a cewarsa bai taɓa ganin bawa yana fiɗar mota ba. Haka muka taho a babur, yana bayana rungume da manifol kamar jariri, yana gaisawa da duk wanda muka wuce yana cewa suna za mu.

Ranar Juma'a muka yi aikin, a ƙofar gidan Yaya. Gaskiya kwancewar ba ta ba ni wuya ba. Na cire kafireta, na kwance notina na jera su a faifai, na ɗaga tsohon manifol. Ramuka huɗu suka bayyana a jikin inji, baƙi ƙirin. Yaya yana kan kujerarsa yana kallo, yana gyaɗa kai. Har na ji ya ce wa wani mai wucewa, "Ƙanena ne. Ya yi mota a kudu."

Da muka juya manifol ɗin taubashi, sai ƙasa ta zubo. Zanzaro ya yi gini a kowane reshe, gini mai kyau, har da ɗakin baƙi. Dole muka jiƙa shi a ruwa muna zungura da waya. Ana cikin haka Hajiya, matar Yaya, ta aiko mana da gasasshiyar masara, sabuwar karya daga bayan gida. Muka wanke hannu da toka muka zauna.

Lokacin masallaci ya matso, aiki bai ƙare ba. Ina ɗaga kai na ga wani zanzaro yana shawagi a bakin ramukan injin Yaya, yana leƙa wannan yana leƙa wancan kamar mai neman haya. Na ce ba za mu bar su a buɗe ba.

A garinmu duk abin da ke da baki, totuwar masara ce murfinsa. Jarkar kalanzir, kwalbar man gyaɗa, gorar ruwa, bututun injin ban ruwa. Ba wanda yake tunani a kai, hannu ne kawai yake kaiwa. To ga totuwa a gabanmu, yanzu muka cinye. Na ɗauki biyu nawa na toshe rami biyu, na ɗauki ta Yaya na toshe na uku. Duk suka zauna daram, rabi a ciki rabi a waje.

Saura ta taubashi. Shi kuwa tun yana yaro ba ya cin masara kamar mutane. In ya gama da ƙwayar sai ya koma kan totuwar yana gwaguya kamar gafiya, har sai ta rame. Tasa ba ta fi babban yatsa kauri ba. Na cusa ta a rami na huɗu, na ɗan danna don ta zauna, na ji ta tafi da sauƙi. Ban kula ba. Aka yi kiran salla, na zura babbar riga, muka kama Yaya muka tafi.

Da muka dawo na tuɓe babbar rigar na rataye a zaure, tabarau ɗina a aljihunta. Na zo gaban mota. Akuyar Hajiya ce tsaye, ta ɗora ƙafafun gaba a kan bamba, kanta a cikin inji, tana tauna. Na jefe ta da takalmi ta sauka.

Na zare totuwa ɗaya, biyu, uku. Rami na huɗu ba komai a bakinsa.

"Ina tawa?" in ji taubashi.

"Akuya ta cinye."

"Ka gani?"

"Ba ga ta can tana tauna ba?"

"Akuya ai kullum tauna take, bawana. Ko a mafarki. Leƙa dai."

Na sunkuya na leƙa. Ba tare da tabarau ba, ko kaza ce a ramin ba zan gan ta ba. Duhu kawai na gani. Zaure kuwa ga shi nan, taku kaɗan ne. Amma mutane sun fara taruwa daga masallaci, an ce ƙanen Alhaji yana fiɗar mota, kuma ban so a ga makanikin kudu yana laluben gilashi. Ko yatsa ban zura ba.

"Wayam," na ce. "Ta cinye. Ɓarauniya."

Hajiya ta ji daga cikin gida ta fito hankali tashe, wai kada totuwa mai fetur ta kashe mata akuya. Aka kama baiwar Allah aka ɗura mata man ja, aka ɗaure ta a turke. Tana kuka tana kallona. Har yanzu ina tuna kallon.

Na yanka gasket daga kwalin sabulu, wato abin da ake sawa tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada iska ta shiga, na shafe shi da baƙin mai, na ɗora manifol, na ɗaure noti, na mayar da kafireta. Yaya ya shiga ya yi bismilla ya murɗa makulli.

Ta tashi. Fiton nan ya ɗauke ɗif. Mutane suka yi kabbara.

Sai dai wata sabuwa ta samu. Motar gaba ɗaya rawa take. Murfin inji yana kaɗawa, madubi yana kaɗawa, hular Yaya tana gangarowa kan gira yana mayarwa. Sautin kuma ba daidai ba, uku ne da tsalle, uku da tsalle, kamar jaki mai ɗingishi.

"Lafiya kuwa?" in ji Yaya. Muryarsa ma rawa take.

"Baƙunta ce," na ce. "Manifol ɗin ya daɗe cikin kaji, bai saba da gidan ba. Ko saniya ka sayo ai sai ta kwana biyu kafin ta sake."

Wasu dattawa suka ce lallai haka ne, ƙarfe ma yana da ɗabi'a. Taubashi ya dube ni, ya dubi akuya, ya ce shi dai bawa bai taɓa yi masa bayani mai daɗin wannan ba.

Ranar gwaji ɗan Yaya ya biyo mu a babur, ni da taubashi muna gaba tare da Yaya. A shimfiɗaɗɗiyar hanya ta tafi, da rawarta da komai. Haƙoran taubashi suna haɗuwa yana cewa a tsaya ya sauke kunun da ya sha. Yaya bai yi dariya ba. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, leɓɓansa suna motsi.

Muka iso gindin hawan. Ya sa giya ta ɗaya ya taka totur. Ta kama hawa, tana nishi, tana tari. Muka wuce ɗorawar da ya taɓa yini a gindinta. Na fara cewa, "Ka gani ko? Ta fara sakewa." Ban rufe baki ba ta fara ja da baya a cikin tafiyarta, wato tayoyi suna son gaba, jikin yana son gida. Wani garken shanu ya zo ya wuce mu a hankali, ba ko gaggawa. Bafulatanin da ke bayansu ya leƙo ta taga ya gaishe mu da ladabi, ya ce ko a ɗaura mata bijimi biyu?

Sai ta yi tari ɗaya babba ta mutu. Yaya ya taka birki, birkin ya yi shawara tukuna, muka gangara da baya sannu sannu har muka zauna cikin kunyar gyaɗar wani.

Yaya ya zare makulli, ya shafa sitiyarin da tafin hannu, yadda ake shafa wuyan doki. Ɗansa ya iso ya tsaya a bakin taga, shi ma idonsa ya kawo ruwa.

"Na faɗa, ban janye ba," in ji Yaya. "Kira masu sayen ƙarfen."

Nan taubashi ya yi gyaran murya. Ya ce maimakon a ba masu yanka, a sayar masa. Kajinsa sun yi yawa, suna bukatar ɗaki na biyu. Ɗan Yaya ya amince nan take, ya ce gara hannun gida. Washegari aka lallaɓa ta zuwa Ba'awa, tana ɗingishi.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Da safe Yaya yakan sa a fito masa da kujera ƙofar gida, ya zauna yana fuskantar inda motar take kwana, wurin da baƙin mai ya yi tabo a ƙasa. Lokacin karyar masara ne, kowa yana wucewa gona. In yara sun dawo sai ya yi ta tambayarsu, ta gefen rafi ta nuna? An kori birai? Bai taɓa zargina ba. Har ma cewa ya yi, "Ka yi ƙoƙarinka, kwananta ne ya ƙare." Na karɓi wannan magana na sa a aljihu, ban ji kunya ba. Ina ta gaya wa mutane cewa injin ne ya gaji, ko a kudu ba mai iya tashinsa.

Wata safiya muna zaune muka ji hon. Yaya ya ɗaga kai tun kafin ta shawo kwana, ya san muryar abarsa. Ta taho sumul, ba fito, ba rawa, inji yana kiɗa ɗaya kamar keken ɗinki. Taubashi ne a sitiyari, ya karkata hula. A jikin madubi wani abu yana lilo da zare, baƙi, siriri, yana warin fetur.

Ya fito ya durƙusa ya gaida Yaya, sannan ya juyo.

"Bawana, zo ka gaida wata tsohuwar abokiyarka."

Ya ce jar kazar nan ce ta tona. Tun da aka sa mata tsagaggen manifol ɗin Yaya ta ƙi kwanciya, warin gam da ƙaro ya dame ta, tana ta zubar da ƙwai a ƙarƙashin mota. Shi ne ya ce bari ya kwance nata na asali ya mayar mata, tunda motar Yaya ta zama akurki ita ma. Yana ɗaga manifol, rana ta haska rami na huɗu, sai ga totuwarsa zaune a ciki, da shaidar haƙoransa. Ɗaki ɗaya na injin a toshe yake tun ranar Juma'ar nan. Da ƙafa uku muka sa ta hawa dutse. Ya zaro ta da waya, ya mayar da manifol, ya murɗa makulli, ta tashi kamar budurwa. Kazar dai ta yi asara, an saya mata kwando.

Hajiya tana bakin zaure tana ji. "To! Man jan da aka ɗura wa akuyata fa?"

Ni dai ƙasa nake kallo. Yaya ya karɓi totuwar ya juya ta a hannu. Kafaɗunsa suka fara motsi. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, irin wadda ba ta da sauti, har ya share ido da hannun riga.

"Baƙunta," ya ce. "Wai baƙunta."

Taubashi ya miƙa masa makulli. Yaya ya janye hannu. Ya ce ciniki ya faɗa, kuma ya yi wa ɗansa alkawari, mota ta kasa hawa a gaban kowa. Ba zai karɓa ba.

"Wa ya ce ba ka na yi?" in ji taubashi. "Motata ce. Wurin ajiya ne ba ni da shi, kaji za su lalata mini kujera. Ajiya na kawo. Kuma mota in ba a tashinta lalacewa take, sai ka riƙa ɗan zagayawa da ita, ko zuwa wajen Doguwa ne. In yaron nan ya zo da masu ƙarfe, ka ce ta Kawunsa ce, ya same ni a Ba'awa."

Aka aika aka kira ɗan Yaya. Ya zagaya motar, ya saurari injin, ya ce shi dai sai ya ga hawan da idonsa. Taubashi ya ce wannan mai sauƙi ne, amma ajiyarsa tana da sharaɗi biyu. Na farko, kada bawansa ya ƙara taɓa ko marfin tanki. Na biyu, sai na nemi gafarar wadda na yi wa ƙazafi a gaban jama'a.

Na je turke da dusa a tafin hannu. Na ce, "Ki yafe ni." Ta cinye dusar, ta kama bakin rigata ta fara tauna. Hajiya ta ce wannan ba yafiya ba ce, diyya take karɓa.

Muka ɗauki hanya. Yaya a sitiyari, taubashi da ɗan Yaya a gefensa, ni a baya cikin buhunan da za a zubo masara, domin an ce gaba ta masu gani ce. Da muka iso gindin hawan na riƙe ƙarfe da kyau. Ta kama, ta wuce kunyar gyaɗar nan, ta wuce ɗorawa, Yaya har giya ta biyu ya sa don neman magana. Bafulatanin nan yana gefen hanya da shanunsa, ya ɗaga mana sanda. Ta tagar baya ina hango totuwar tana lilo a madubi, da bayan kan Yaya, hularsa zaune daram.

A saman hawan ya tsaya, bai kashe inji ba. Ya leƙo ta taga ya kira ni da sunan da yake kirana tun ina yaro.

"Ka taho da tabarau ɗinka?"

Na ce na taho da shi.

"To saka. Ga gonata can, ka gaya mini ko ta gefen rafi ta nuna."